Tambaya da Amsa: Zan iya hawa jirgi da injin numfashina?

Wasiƙu uku ne suka zo mini a kan abu ɗaya, sai na haɗa su a wannan makon. Ga wanda bai san injin da ake magana ba: akwai mutanen da maƙogwaronsu ke rufewa idan barci ya yi nauyi. Mutum yana minshari sai a ji ɗif, numfashi ya tsaya daƙiƙa 10 ko fiye, sannan ya zabura da gurnani ya ci gaba. Idan hakan ya wuce sau 30 a cikin awa ɗaya, likitoci na cewa cutar ta yi tsanani. Maganin da aka fi dogara da shi ƙaramin inji ne da ake kira CPAP, wanda wani likita ɗan Ostareliya, Colin Sullivan, ya bayyana wa duniya a 1981. Iskar ɗaki yake zuƙowa, ya turo ta ta tiyo zuwa takunkumin da ke kan hanci, ƙarfin iskar ya hana maƙogwaro rufewa. Ni ma da shi nake kwana, kuma kafin na koma rubutu sana'ata yankan tikitin jirgi, saboda haka ta ƙofa biyu na san maganar.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Mahaifina ɗan shekara 67 ya samu kujerar Hajji bana ta hukumar alhazai ta jiharmu. Shekara biyu ke nan yana kwana da injin CPAP, tun da ya fara hawan jininsa ya lafa, ya kuma daina gyangyaɗi a shago. Yanzu ya kafe ba zai tafi da shi ba, wai za a ƙwace a filin jirgi, wai kuma kunyar abokan ɗaki yake ji. Yayana ya ce a naɗe shi da zannuwa a jefa a babbar jaka. Muna da wani babban batir da yake jona injin idan an ɗauke wuta. Yaya za mu yi? Daga 'yarka a Gwammaja, Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya sa Baba ya yi Hajji karɓaɓɓe, ya dawo mana lafiya.

Ki fara da yayanki, ki ce masa na ce a'a. Injin ba ya shiga babbar jaka ko da an naɗe shi da bargo goma. Duk wanda ya taɓa leƙawa ta tagar jirgi ya ga yadda ake wurga jakunkuna, tankin ruwan injin kuwa roba ce, tsagewa ɗaya ta gama da shi. Bayan haka, babbar jakar alhaji ba tare da shi take tafiya ba. A wata mota daban ake lodinta daga Madina ko Jidda, wani lokaci ta riga shi isa masauki, wani lokaci ya kwana biyu bai gan ta ba. Idan ta ɓace gaba ɗaya, diyyar da yarjejeniyar Montreal ta 1999 kan sufurin jiragen sama ta ƙayyade ba ta wuce kimanin dala 2,000 ga fasinja ɗaya ba, kuma kafin a biya an dawo gida an sha ruwa. Wannan kuɗin ba zai buɗe wa Baba maƙogwaro a daren farko a Madina ba. Injin a hannunsa yake shiga jirgi, a hannunsa yake fita.

Tsoron ƙwacewa kuma ki kwantar masa da hankali. Babu dokar da ta hana wannan inji hawa jirgi, a Kano ko a Saudiyya. Abin da zai faru a filin jirgin Malam Aminu Kano shi ne, idan ya iso wurin bincike, jami'an tsaro na hukumar FAAN za su so su ga abin. Kada ya jira a tambaye shi. Ya zuge jakar da kansa, ya fito da injin kaɗai, ya ɗora a tiren roba, ya ce injin numfashi ne na asibiti. Takunkumi da tiyo su zauna a cikin jaka, ba sai an baje su ba. Ki sa masa injin a farar leda mai tsabta tun daga gida, domin tiren nan shi ake zuba wa takalma da bel na mutane ɗaruruwa, wannan kuwa abu ne da iskarsa za ta shiga huhu. Na'urar haska kaya ba ta yi wa injin komai, ba ta goge ɗan katin da ke ajiye bayanan barcinsa. Wani jami'in zai iya goga masa ɗan ƙyalle ya sa a na'ura don neman ɓurɓushin abin fashewa, wani ya ce a kunna ya gani. Duk wannan aikinsu ne, minti biyu ne ya wuce. Ba kowane jami'i ne ya saba ganin irinsa ba, saboda haka fara'a da bayani a taƙaice sun fi ɗaga murya saurin fitar da mutum.

Abin da ke yanke dogon zance takardar likita ce. A rubuta ta da Turanci a takardar asibiti mai hatimi, da sunan Baba daidai yadda yake a fasfo, da sunan cutar, da sunan injin da lambarsa da ke ƙasansa, da ƙarfin iskar da aka saita masa. Yawanci wata lamba ce tsakanin 4 da 20. Ki roƙi likitan ya ƙara jimla ɗaya: injin ba na iskar oksijin ba ne. Wannan jimlar tana da nauyi. Cikin sharuɗɗan lafiya da Saudiyya ke gindaya wa maniyyata akwai hana wanda ciwon huhunsa ya kai ga dogara da oksijin, kuma ka'idar ɗaukar oksijin a jirgi daban take, ta fi tsauri. Wanda bai sani ba, da ya ga takunkumi da tiyo can hankalinsa zai tafi. Kwafi ɗaya a jakar injin, hoto ɗaya a wayarsa, ɗaya a wurinki. Ranar gwajin lafiyar maniyyata kuma kada ya ɓoye. Ya faɗa a rubuta, domin likitocin hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, da ke Makka da Madina su san da shi.

Sai nauyi. Injin kansa kilo ɗaya ne da 'yan kai, idan aka haɗa da caja da tiyo da jakarsa ya doshi kilo uku. Kamfanonin jirage da yawa ba sa ƙirga kayan asibiti a cikin jakar hannu, amma jirgin alhazai shata ce, kuma mai tsaron ƙofa da abin da aka rubuta masa yake aiki. Ku je wurin jami'in alhazai na ƙaramar hukumarku tun yanzu, ku nuna takardar likita, ku nemi ya rubuta cewa Baba na da jakar asibiti ban da ƙaramar jaka mai kilo 8. Ba a fafe gora ranar tafiya. Idan an ƙi, to injin ya shiga ƙaramar jakar, yaji da garin kunu da ƙuli su koma babba.

Yanzu ga inda matsalar gaske take, wato batir. Ba ki faɗi girman naku ba, amma tun da kin ce babba ne na ɗauke wuta, kusan na tabbata ba zai hau jirgi ba. Juya shi ki nemi lamba mai haruffan Wh a gefenta, wato ma'aunin yawan wutar da batir ke ɗauka. Ka'idar jiragen duniya a kan batirin litiyam ita ce: 100 zuwa ƙasa, ana shiga da shi a jakar hannu. Tsakanin 100 da 160, sai da izinin kamfanin jirgi, kuma kada ya wuce guda biyu. Abin da ya haura 160 ba ya hawa jirgin fasinja, ko a hannu ko a awo. Akwatunan wutar nan da muke saya saboda halin lantarkinmu yawancinsu daga 250 suke farawa. Batirin mota ko na inbata kuwa kada ma a ɗauko zancensa. Idan mAh kawai aka rubuta, ninka lambar da 3.7 ki raba da 1,000. Fawa banki mai 27,000 ya ba da 99.9, ya tsallake da ƙyar. Mai 50,000 ya ba da 185, a teburin bincike zai kwana. Wanda rubutunsa ya goge ma ana iya karɓewa, don jami'i ba zai yi duba ya gano girmansa ba.

Kada kuma wani mai wayo ya ce a tura batirin a babbar jaka. Can ne ya fi haɗari, domin idan ya kama wuta a ƙasan jirgi babu hannun da zai kai gare shi. A watan Janairun 2025 wani jirgin Air Busan ya ƙone a filin jirgin Gimhae na Koriya ta Kudu kafin ya tashi, ana zargin fawa banki a ma'ajiyar kaya ta sama. Tun daga nan kamfanoni suka ƙara matsawa. Emirates ta hana amfani da fawa banki a cikin jiragenta daga 1 ga Oktoban 2025, Sin kuma ta hana hawa jiragen cikin gida da wanda ba shi da tambarin 3C na ingancin kaya, abin da 'yan kasuwarmu masu zuwa Guangzhou ya kamata su riƙe.

Abin da za ku nema shi ne batirin da aka yi musamman don CPAP, mai ƙasa da 100. Ki lura da wuta: injinan kamfanin ResMed irin su AirSense 10 bolt 24 suke ci, DreamStation na Philips kuwa 12, kuma wayar wannan ba ta yi wa wancan. Fawa bankin waya ba zai tayar da injin kai tsaye ba. Idan aka kashe ɗumama ruwa da ɗumama tiyo, irin wannan batir yakan kai mutum asuba. Idan aka bar su a kunne, kafin tsakar dare ya mutu. Ku gwada shi a gida dare ɗaya cur kafin tafiya, sannan a liƙe bakinsa da salatif a sa a 'yar jakarsa daban, kada makulli ko tsabar kuɗi su taɓa shi.

A cikin jirgin kansa Baba ba ya buƙatar kunna injin. Kano zuwa Madina ko Jidda kusan awa biyar ce, a zaune zai yi ta, kuma maƙogwaro bai cika rufewa a zaune kamar yadda yake yi a rigingine ba. Batirin na Mina da Muzdalifa ne. A otal ba shi da damuwa: wuta ba ta ɗaukewa, soket ɗin Saudiyya mai baki uku ne irin namu, cajar injin kuma an rubuta mata bolt 100 zuwa 240. Abin da zai rasa shi ne soket kusa da gadonsa, domin ɗaki ɗaya mutum huɗu ko biyar, kowa da wayarsa. Ki sa masa doguwar wayar ƙari mai baki huɗu. Da ita zai samu wuta, ya kuma samu abokai. A tantunan Mina akwai lantarki da na'urar sanyi, sai dai cunkoso, don haka ya yi wa shugaban tanti magana da wuri ya samu shimfiɗa a gefe. Muzdalifa fili ne, dare ɗaya ne. Ko ya kunna da batir ko ya haƙura, wannan likitansa ne zai yanke tun a gida. Idan zai haƙura, ya kwanta a gefe ɗaya, ya tada kai da jakarsa.

Zafi ma abin lura ne. An ƙera waɗannan injina su yi aiki tsakanin digiri 5 da 35, a Hajjin 2024 kuwa ma'auni ya kai 51.8 a Masallacin Harami. Kada a bar shi a rana ko a cikin motar da aka rufe. Ki sa masa matatan iska biyu ko uku na canji, don ƙurar Mina ba ta da bambanci da ta hunturunmu. Wani abu kuma: idan injin na hannu kuka saya, kuma DreamStation ne na farko, ku kai wa likita ya duba. A watan Yunin 2021 kamfanin Philips ya janye miliyoyin irinsa saboda soson da ke rage ƙara yana rududdugewa ya bi iska, kuma zafi da laima na ƙara saurin lalacewarsa.

Baba zai iya kawo maganar harami, tun da takunkumin na kan fuska, igiyarsa kuma ta zagaye kai. Malamai sun saɓa a kan namiji ya rufe fuska yana cikin harami: Malikawa da Hanafawa sun hana, Shafi'awa sun halatta. Sannan ga rangwamen mara lafiya a aya ta 196 ta Suratul Baƙara, inda aka ba da fansa da azumi ko sadaka ko yanka, hadisi kuma ya fayyace azumin kwana uku ne, sadakar kuma ciyar da miskinai shida. Ya kai injin wurin malamin bita ya nuna masa yadda ake sa shi, ya karɓi fatawa a kan abin da aka gani da ido. Ƙofar a buɗe take.

Na bar kunya a ƙarshe domin ina jin ita ce ainihin dalilin, sauran duk rakiya suka yi. Kada ki yi masa gardama a kan lafiyarsa, dattawanmu ba sa jin wannan. Ki tambaye shi: tsakanin mutumin da ya sa abu a hanci ya yi shiru har asuba, da wanda minsharinsa ya hana bayin Allah huɗu runtsawa wata guda, wa abokan ɗaki za su fi ƙorafi a kansa? Ƙarar injin ba ta kai ta fanka ba. Daren farko za su tambaya, dare na biyu wani zai matso ya ce shi ma matarsa na cewa numfashinsa na ɗaukewa. Ki kuma tuna masa cewa cutar ba ta tafi ba, riƙe ta kawai injin ke yi. Daren da aka ajiye shi, a daren take dawowa. Sati huɗu ko biyar babu barcin kirki, ga tafiyar ƙafa, ga zafi, hawan jini zai tashi, kuma yammacin Arfa da ya tara miliyoyi domin ya tsaya a cikinsa, gyangyaɗi zai cinye masa shi. Idan maganar ta fi ƙarfin bakinki, ki tura amininsa.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, zan je Amurka wurin ɗana. Daga Abuja zan sauka Legas, in hau jirgin Atlanta, daga can in sake hawa wani. Ina so in yi amfani da injina a cikin jirgi, an ce akwai soket a ƙarƙashin kujera. Ina kuma tunanin shan ƙwayar barci don tafiyar ta yi mini sauri. Daga wani ɗan fansho a Kubwa, Abuja.

AMSA: Tare da naka, Alhaji. Ka ci sa'a ta ɓangare ɗaya, domin Amurka ce ta fi kowa rubuta haƙƙin irinmu a doka. Tun 1986 suke da dokar hana kamfanonin jirage nuna wa masu lalura bambanci, kuma tana aiki a kan duk jirgin da ya shiga ƙasar ko ya fita daga cikinta, ko na wace ƙasa ne. A ƙarƙashinta ba a ƙirga jakar injinka cikin jakunkunan hannu, muddin kayan injin ne kaɗai a ciki. Ka cusa kilishi da hula a ciki, ta zama jaka kamar kowace. Kilishin ma ba zai wuce kwastan ɗinsu ba, amma wannan zancen wata rana ne.

Dokar ta ba kamfani damar gindaya maka sharuɗɗa idan kunnawa za ka yi. Za su iya neman sanarwa awa 48 kafin tashi, da zuwa wurin awo awa ɗaya kafin sauran fasinjoji. Kada ka bar wa mai yanka maka tikiti wannan, ka kira sashen masu lalura na kamfanin da kanka, ka sa su turo maka amsa ta imel. Za su tambayi sunan injin da ko ya cika ka'idar FAA, hukumar kula da jiragen sama ta Amurka. Juya injin, yawanci akwai rubutun haka ko ɗan hoton jirgi a ƙasansa. ResMed na da takardar shaida a shafinsu na intanet da za ka iya bugawa.

Soket ɗin kujera kuwa, cire shi daga lissafinka. Wani ya mutu, wani yana yanke wuta da zarar an ja fiye da ƙarfinsa, kuma kamfanoni da yawa sun hana dogara da shi don kayan asibiti. Abin da za su nema batir ne da zai ɗauki tsawon tafiyar da rabinsa. Legas zuwa Atlanta tana kai awa 12 zuwa 13, ke nan kana buƙatar cajin kusan awa 19, wato batir biyu masu ƙasa da 100. Na san ba awa 19 za ka yi kana barci ba, amma haka ka'idar take, saboda jinkiri da karkatar da jirgi.

Ka nemi kujerar taga, don kada tiyo ya tare wa maƙwabcinka hanyar banɗaki. Ba za a ba ka layin ƙofar gaggawa ba. Lokacin tashi da sauka injin na ƙarƙashin kujerar gabanka, sai jirgi ya daidaita a sama ka fito da shi. Tankin ruwa ya zama a bushe ƙarƙaf. Jirgi ya ɗan girgiza, ruwan ya koma cikin inji ko ya biyo tiyo zuwa hancinka. Ka kashe ɗumama, ka sa injin a yanayin jirgi kamar yadda kake yi wa waya, don sababbin suna da layin da ke tura bayanai. Iskar cikin jirgi daidai take da ta kan dutse mai tsayin mita 1,800 zuwa 2,400, kuma injinan zamani na gyara kansu da kansu a wannan tsayin. Busasshiya ce ƙwarai, saboda haka ɗan feshin ruwan gishiri na hanci daga kemis zai yi maka amfani. Idan kuma, Allah ya kiyaye, takunkuman oksijin suka faɗo daga sama, cire naka ka sa na jirgi nan take. Naka iskar da ke wurin kawai yake turawa.

Ra'ayina, ga mai tafiyar rana ta awa biyar ko shida wahalar ta fi amfanin. Amma taka doguwa ce, kuma akwai wani jirgin a gaba, don haka ka kunna.

A Atlanta za ka karɓi kayanka, ka wuce kwastan, ka sake bin layin binciken TSA, hukumar tsaron filayen jirgin Amurka, kafin jirgi na uku. Ka'idarsu a fili take: inji a tire, takunkumi da tiyo a jaka, farar leda ta halatta. Idan za su taɓa shi, kana da damar cewa jami'in ya sake safar hannu. Suna da sashen taimakon masu lalura mai suna TSA Cares, ɗanka zai iya kiransu awa 72 kafin ranar. Wutar Amurka bolt 120 ce, cajarka za ta ɗauka, adafta mai baki biyu masu faɗi kawai za ka saya.

Inda na fi ji maka shi ne gajeren jirgin Abuja zuwa Legas. Idan jirgi ƙarami ne ko ya cika, akan tsaya a gindin matakala ana karɓar jakunkunan hannu ana turawa ƙasa. An taɓa miƙo hannu za a karɓi tawa a haka. Na buɗe na nuna, na ce kayan asibiti ne da batir, aka bar ni. Jakar injin tana shiga ƙarƙashin kujera a kowane jirgi.

Ƙwayar barci kuwa, Alhaji, ka bar ta. Irin su diazepam, da duk abin da ke da kodin ko tiramadol, suna saki naman maƙogwaro, suna kuma dusashe ƙararrawar da ke zaburar da kai idan numfashi ya tsaya. Ga shi iskar sama ta riga ta rage oksijin a jini. In ba likitan da ya san cutarka ne ya rubuta ba, kada ka haɗiya. Ranar dawowa kuma kada ka karɓi makullin mota a filin jirgi. Bincike ya nuna mai wannan cuta da ba ya kan magani ya ninka sauran direbobi fiye da sau biyu wajen haɗarin mota, balle wanda ya kwana a zaune. A zo a ɗauke ka.

TAMBAYA: Malam, ina wuni. Zan je Indiya aikin gwiwa, daga Yamai ta Adis Ababa, za mu kwana a can. An ce tataccen ruwa kaɗai ake zuba wa injin. Zan iya tafiya da jarka ɗaya? Wani ya ce ruwan batir da ake sayarwa a tasha shi ne iri ɗaya. Daga wata Hajiya a Damagaram.

AMSA: Lafiya lau Hajiya, Allah ya ba da sa'ar aiki. Ruwan batir na bakin tasha kada ya kusanci injinki. Ba ki san a wace jarka aka zuba shi ba, kuma a wurin da ake sayar da shi ake sayar da asid. Abin da ya shiga tankin nan huhunki zai je.

Jarka ba za ta wuce bincike a hannu ba. Tun 2006, a yawancin filayen jirgi, ruwan da ake shiga jirgi da shi ba ya wuce mililita 100 a kwalba ɗaya. Wasu ƙasashe na ɗaga ƙafa ga ruwan magani idan an bayyana shi, amma filin jirgi uku za ki bi, kowanne da nasa hali, bai cancanci jayayya ba. Dalilin cewa a sa tataccen ruwa shi ne kada farin gishiri ya taru a gindin tanki. Ruwan gora mai kyau na kwana kaɗan ba zai cutar da ke ba. Ki zubar da ragowar kowace safiya, ki bar tankin ya bushe, idan ya yi fari ki jiƙa shi da ruwan khal ki ɗauraye. Kantunan magani na Indiya kuma suna sayar da tataccen. Wannan amsar ta shafi Baban 'yata ta Gwammaja: zamzam na sha ne, yana da ma'adinai da yawa, kada ya zuba shi a tanki don neman tabarruki. Turare da man shafawa masu ƙamshi ma haka.

Adis Ababa tana kan tudu, sama da mita 2,300. Idan injinki na shekarun nan ne zai daidaita kansa. Idan tsoho ne mai saitin tsayi da hannu, ki sa a nuna miki yadda ake sauyawa kafin ki tashi. Idan kin ji numfashinki ya ɗan yi sama-sama a daren, tsayin wurin ne. Takardar likitanki in da Faransanci take, a yi miki ta Turanci, domin daga Adis har Indiya da shi za a karanta. Ki riƙe adafta mai karɓar kowane irin soket.

Abin da ba ki tambaya ba ya fi ruwan muhimmanci. Ranar da za ki ga likitan da zai sa ki barci don aiki, ki gaya masa kina da wannan cuta tun kafin ya tambaya, ki nuna masa lambar iskarki. Maganin sa barci da magungunan kashe zafi da ake bayarwa bayan aiki suna tsananta ɗaukewar numfashi, kuma sanin haka zai sauya irin maganin da zai zaɓa da yadda za a sa miki ido a daren farko. Injin kada ya zauna a masauki. Ki shiga asibiti da shi, ki koya wa mai jinyarki yadda ake ɗaura takunkumin da inda ake dannawa, domin lokacin da za a fito da ke daga ɗakin tiyata ba za ki iya sa wa kanki ba.